Bakwai Cikin Arba'in da Huɗu

Kafin a san ni da abin da aka san ni da shi yanzu, ni malamin lissafi ne. Shekara goma sha ɗaya na yi ina koyarwa a wata sakandare mai zaman kanta a nan Jos. Da sassafe nake fita daga Rikkos da rigar sanyi da jakar littattafai, in dawo da alli har a gira. Haƙar kuza ce ta kawo kakana garin nan, mahaifina tela ne, ni na fara yin digiri a gidanmu. Ina da mata da 'ya'ya biyu. Ba zan ce muku yunwa ce ta kai ni ga abin da na aikata ba, don na gaji da ƙarya. Albashin ba yawa, amma muna ci muna sha. Abin da ke ci mini rai shi ne ba wanda ya damu da abin da na iya. Sai in tsaya gaban allo ina bayanin yadda ake auna sa'a da lamba, in juyo in tarar rabin aji na hamma, sauran na kallon ƙofa.

A wurin mai sayar da jarida na haɗu da Baba Pam, inda ake taruwa a karanta kyauta a yi gardamar ƙwallo. Dattijo ne ɗan Birom, ya haura saba'in. Awon kuza ya fara yi tun yana saurayi, daga baya ya shiga aikin gwamnati har ya yi ritaya. Matarsa ta rasu, 'yarsa guda, Kaneng, tana aure a Anguwan Rukuba. Shi kaɗai yake zaune a gidansa na Kabong, ɗaki huɗu da falo, wanda ya ce shekara goma sha huɗu ya yi yana ginawa, bulo ɗari bana, kwano goma baɗi. In yana maganar gidan nan sai ka ɗauka ɗa ne ya haifa.

Ranar da ya ji an kira ni Ticha ya juyo ya ce, "Ticha na mene?" Na ce lissafi. Ya naɗe jaridar.

"To ga tambaya. Karta hamsin da biyu ne. In an ba ka guda biyu, sau nawa za su zo lamba ɗaya, kamar takwas da takwas?"

Na ce, "Ɗaya cikin goma sha bakwai, Baba. Ko mene ne na farkon, abokansa uku ne suka rage cikin hamsin da ɗaya."

Ya cire tabarau ya dube ni. Ya ce shekara shida yana wasan karta ba wanda ya taɓa gaya masa haka. Ya riƙe hannuna bai saki ba. Wallahi tun da na fara koyarwa ba a taɓa yi mini irin wannan kallon ba, kuma daɗinsa ya shige ni fiye da yadda ya kamata.

Asabar ɗin da ta biyo baya ya tafi da ni wurin wasan. Wani ɗaki ne a bayan wani masauki, ana zama daga ƙarfe biyu zuwa magariba. Mutum shida ne ko bakwai, duk manya: 'yan kwangila biyu, wani dillalin dankalin Turawa, wani tsohon ɗan sanda da suke kira Sufeto, da wani mai ƙiba mai yawan dariya da kowa ke kira Injiniya, ko da yake ban taɓa jin abin da ya gina ba. Wasan nasu sunansa foka. Ana ba kowa kati biyu a rufe, sannan a buɗe biyar a tsakiyar tebur kaɗan-kaɗan, uku, sai ɗaya, sai ɗaya. Kowa ya haɗa nasa da na tsakiya. Tsakanin kowace buɗewa sai ka zuba kuɗi ko ka janye. Wanda ya fi haɗi mai ƙarfi a ƙarshe ya kwashe.

Na ce wa Baba Pam ni Musulmi ne, ba na caca. Ya ce, "Wa ya ce ka yi? Zauna ka duba kawai." Na zauna na duba. Sati na biyu na zo da littafi ina rubuta kowane hannu da aka buga, wato kowane zagayen wasa, wa ya shiga, wa ya janye, me ya fito. Sati na huɗu suka ce tun da ba na zuba ko kwabo, ni ya fi dacewa in riƙa raba katin, don ba ni da ɓangare. Suka kuma yarda in duba katin da aka zubar bayan hannu ya ƙare, saboda littafina. In la'asar ta yi sai in ajiye kartar, in shimfiɗa dadduma a baranda in yi salla, su jira ni cikin girmamawa. Ina sallamewa in koma in ci gaba da rabo, ina gaya wa kaina ai ni ba ɗan caca ba ne, bincike nake yi.

Baba Pam ya zama ɗalibin da ban taɓa samu a aji ba. Na koya masa ya ƙirga katin da za su cece shi cikin waɗanda ba a buɗe ba, ya gwada da abin da ake nema ya zuba da abin da ke tsakiya, in ya dace ya shiga, in bai dace ba ya haƙura ko da ransa na so. Na sa shi ya sayi nasa littafin. Na kuma koya masa babban darasin: in lissafinka daidai ne, faɗuwar yau ba komai ba ce, ta sati ma ba komai ba ce, a dogon zango lamba za ta dawo maka da haƙƙinka. Wannan magana gaskiya ce, ku riƙe ta, don za ku ga abin da na yi da ita. Gaskiya ce matuƙar katin na gaskiya ne.

Bayan wata huɗu littafina ya nuna mini wani abu. Duk lokacin da Injiniya ya riƙe kati mai kyau, irin wanda kowa zai bi da kuɗi, amma wani ya fi shi a ɓoye, sai ya janye. Sau ashirin da uku hakan ta faru, sau ashirin da ukun ya janye. Ba hankalin da ke yin haka, sai idon da ke gani. Shi ke kawo kartar kullum, sabuwa a leda. Wata rana na sa guda a aljihu na kawo gida, na duba bayanta a hasken taga. Cikin zanen bayan kowane kati akwai ɗigon allura biyu ƙanana, ɗaya na faɗin lambar, ɗaya na faɗin alamar. Wanda bai sani ba ba zai gani ba ko ya shekara yana kallo.

A nan ya kamata in hau keke mai ƙafa uku in tafi Kabong in ajiye wa Baba Pam kartar a gabansa. Minti ashirin ne. Amma wurin Injiniya na tafi. Na daɗe ina tambayar kaina dalili, amsar kuma ba ta da daɗi: so nake mai wayon ya san na fi shi wayo.

Na same shi a wurin wankin motarsa. Na baje masa littafin, na nuna masa ɗigon. Na zaci zai firgita. Dariya ya yi har da tafi, ya aika a kawo mini lemo.

"Oga Ticha! Shekara uku ina zaune da mutanen nan, kai kaɗai ka gani. Kai ba na makarantar nan ba ne, suna ɓata ka." Ya matso da kujera. "Amma ina da wahala ɗaya. Ina ci da yawa, mutane sun fara gudu. Kai ka san yadda sa'a take kama. Tsara mini yadda zan riƙa faɗuwa, kada kowa ya yi tunani. Kashi ɗaya cikin biyar naka ne."

Na ce zan yi shawara. A hanya na samo wa kaina hujja mai kyau: in na tsara masa faɗuwa, ai rage musu asara nake yi. Mai ilimi ba ya rasa hujja, wannan ne bambancinsa da ƙaramin ɓarawo, shi ya san sunan abin da yake yi.

Haka na fara. Na ware shafi a bayan littafin na jera Asabar-Asabar na watanni masu zuwa, wannan ta ci, wannan ta faɗuwa, da iyakar abin da za a ɗauka a kan kowa don kada ya yi zuciya ya daina zuwa. Daga baya Injiniya ya ce ganin kati kaɗai bai isa ba, tun da rabon yana hannuna. Ya koya mini yadda ake jera kati wajen tattarawa, da yadda ake danne na sama da babban yatsa a zaro na ƙarƙashinsa. Na yi wata biyu ina koyo a gida ranar Lahadi, a teburin da nake makin jarrabawar yara. Matata ta tambaye ni, na ce kayan koyarwa ne. Ta ce, "Allah ya taimaka, Malam."

Wanda ya fi shan wahalarmu shi ne wanda ya fi kowa iya wasan. Sauran da son rai suke buga karta, yau tsoro gobe ganganci, ba ka iya sanin inda za su faɗa. Baba Pam kuwa da ƙa'ida yake bugawa, ƙa'idar kuma ni na rubuta masa ita. Na san katin da in na ba shi zai shiga, na san nawa zai zuba, na san inda ba zai ja da baya ba. Cikin shekara guda kuɗin sallamarsa na aiki suka tafi. Tsohuwar motarsa ta bi su. Kowace Asabar in an tashi yakan tsayar da ni a bakin ƙofa ya buɗe littafinsa.

"Ticha, duba mini. Ina ne na yi kuskure?"

In duba da gaske, in bi layi-layi, in ce, "Babu kuskure, Baba. Daidai ka buga. Dogon zango ne." Sai ya gyaɗa kai ya rufe littafin, hankalinsa ya kwanta.

Wata Talata Kaneng ta zo ƙofar makarantarmu ta jira har aka tashi. Ta gaishe ni da ladabi, ta ce, "Malam, ni ban san komai a kan wasan nan ba. Amma Baba ba ya jin maganata, ba ya jin ta fasto, taka kawai yake ji. Kullum Ticha ya ce, Ticha ya ce. Don Allah ka ce masa ya bari. Gidan nan kaɗai ya rage mana, a ciki uwata ta rasu." Na ce ta kwantar da hankalinta, zan yi masa magana. Ta yi ta godiya har na ji kunya. Ban yi masa maganar ba.

Injiniya ne ya kawo zancen gidan. Ya ce wa Baba tun da sa'arsa ta daɗe a kwance, lokacin tashinta ya yi, ga shi ba shi da abin zubawa, me zai hana ya ajiye takardar gida a yi mata kuɗi a zauna babban zama sau ɗaya. Ni na san wannan magana shirme ce, kati ba ya tuna abin da ya faru jiya. Baba ma ya sani, ni na koya masa. Amma ya juyo ya dube ni, ni kuma na yi shiru, ya ɗauki shirun a matsayin amsa. Na samu Injiniya a gefe na ce a bar wa Baba gidansa. Ya ce, "Oga Ticha, rubutun wa ke bayan littafin nan?" Kuma kada in wanke kaina da tsoro, na riga na auna abin da kasona zai saya. Aka rubuta yarjejeniya. Ana neman shaida wanda kowa ya yarda da shi, sai aka miƙo mini biro.

Ranar babban zaman ana ruwa, irin na watan Agusta da ke sa Jos ta yi sanyi har ƙashi. Wajen ƙarfe huɗu na jera katin. Na ba Baba sarki biyu. Na ba Injiniya kati biyu masu alamar zuciya. A tsakiya sarki na uku ya fito, da bakwai da biyu masu zuciya, sai tara baƙa. Baba yana da sarki uku, ba wanda zai ce masa ya janye, ni ma da ɗalibina ya janye a nan da na yi masa faɗa. Injiniya yana da zuciya huɗu, in ya samu ta biyar ya doke sarakunan, in bai samu ba ba shi da komai. Ya tura duk abin da ke gabansa. Baba ya ɗauki takardar gidan ya ɗora a kai. Suka buɗe katinsu, saura kati ɗaya in buɗe a tsakiya.

Baba ya dubi tebur yana motsa baki, sai ya faɗa a fili kamar yaro a aji. "Zuciya tara ne ya rage. Biyu a ciki ni zai ƙara wa ƙarfi. Saura bakwai. Bakwai cikin arba'in da huɗu. Ko ba haka ba, Ticha?"

Na ce, "Haka ne, Baba."

Na dubi bayan katin da ke sama. Wajen jerawa na yi kuskuren ɗaya, ni malamin lissafi. Katin sama ba zuciya ba ne, zuciyar tana ƙarƙashinsa. Ku fahimci abin da wannan ke nufi. Ba sai na yi wata jarumta ba, ba sai na tona asirin kowa ba. In na ajiye katin da ke sama kawai, kamar yadda kowane mai rabo ke yi, Baba ya ci, gidansa ya tsira, abin da muka kwashe masa ma mafi yawansa ya dawo. Allah ya buɗe mini ƙofa har ƙasa. Na ji ruwa na dukan kwano, na ji Sufeto ya yi tari. Babban yatsana ya danne na saman, na zaro na biyu. Uku mai zuciya.

Baba ya daɗe yana kallon katin. Sannan ya ce, "Bakwai cikin arba'in da huɗu. Yana faruwa." Ya miƙa wa Injiniya hannu. Ya rubuta wasan a littafinsa. Da zai fita ya dafa kafaɗata ya ce, "Kada ka damu, Ticha. Ba laifin lissafi ba ne." Sati uku bayan nan aka kwashe kayansa zuwa Anguwan Rukuba. Injiniya ya sayar da gidan tun fentin Baba bai dushe ba.

Muka ci gaba da zama ba shi. Wata uku ban ji ɗuriyarsa ba, ban kuma nema ba. Sai wata Asabar ya shigo ana tsakiyar wasa, ya rame, rigar ta yi masa yawa. Bai zauna ba. Ya ajiye littafinsa da wani tsohon kwabo a kan tebur, ya ce, "Ticha, zo ka duba mini wani aiki." Layi biyu ne ya ja. Na farko Asabar ɗin Injiniya ne tun daga lokacin da na fara tsara su, ci ko faɗuwa. Na biyu kwabon ne, ya yi ta wurgawa yana rubuta gaba ko baya, shafi bayan shafi.

"Ka ga kwabo na? Nan ya yi gaba sau shida a jere. Nan ya yi baya sau bakwai. Haka sa'a yake, ba ya da kunya. Yanzu duba Injiniya. Bai taɓa ci fiye da uku a jere ba. Bai taɓa faɗi fiye da biyu ba. Kowane wata da faɗuwa nasa, kamar albashi." Ya cire tabarau. "Lokacin da muna awon kuza, in lebura yana kawo awo daidai kullum, ba sama ba ƙasa, mun san ba rami ne ya ba shi ba. Akwai hannu. Wannan faɗuwa mai ilimi ne ya shirya shi. Injiniya ba ya da wannan kai."

Bai ɗaga murya ba. Abin takaicin, duk wanda ya koyar da wannan fanni ya san haka, mai ƙirƙirar sa'a tsoron dogon jeri yake yi, shi ya sa ake gane shi. Na sani sarai. Amma Injiniya ba zai yarda ya faɗi sati uku a jere ba, ni kuma ina tsoron ya ci shida mutane su watse, sai na yi abin da nake yi wa ɗalibai jan biro a kansa.

Ashe Baba ya riga ya nuna wa Sufeto aikin. Sufeto ya ɗauki kartar daga hannuna, ya kunna fitilar waya ya bi bayan katin har ya ga ɗigon. Ya zazzage jakata. Ga shafin nan da rubutuna, har da Asabar huɗu da ba su zo ba tukuna. Injiniya ya ce bari ya kira lauyansa a waje, fitar da ya yi ke nan. Wasu sun ce yana Legas, wasu sun ce ya ƙetare iyaka. Ni na amsa laifina a kotu don ba abin musu, aka yanke mini shekara uku. Gidan kuwa ya riga ya wuce hannu biyu, maganarsa ta shiga ɗage-ɗage har Baba ya gaji da hawa keke zuwa kotu.

Ba zan cika ku da labarin gidan yari ba. Sanyi ne da ƙwarƙwata da wake mai tsakuwa da jiran ranar da ba ta matsowa. Matata ta kwashe yara ta koma gidansu a Bauchi, ba ta dawo ba, ban kuma ga laifinta ba. Mahaifina ya zo sau ɗaya, ya zauna ya dube ni, ya ce, "Da keken ɗinki na biya maka karatun nan," ya tashi. 'Yan ɗakinmu suna yanka kwali su yi karta, da suka ji labarina suka yi ta roƙo in nuna musu yadda ake zaro na biyu. Wani har ya ba ni sabulunsa. Na ƙi, ba don na zama waliyyi ba, hannuna ne ke ba ni ƙyama. Tubana ba ta zo da kuka ko mafarki ba. A hankali ta zo, kamar gajiya, har na wayi gari na rasa sauran hujjar da zan ba kaina, na roƙi Allah gafara a kan abin da na yi da sunansa na gaskiya, zamba.

Da na fito ba makarantar da za ta ɗauke ni, kuma daidai ne. Guga nake yi a shagon wani mai wanki a Rikkos. Wata biyar na yi ina cewa gobe zan je Anguwan Rukuba kafin na je. Na tarar da Kaneng a ƙofa tana tsince shinkafa. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Me kuma ka zo ɗauka?" Daga ciki na ji muryarsa, "Bar shi ya shigo."

Ɗakin ajiya ne aka share masa. Gado ɗaya, taga ƙarama, kujerun falonsa na Kabong an kife su kan juna har rufi don ba wurin ajiye su. Ya tsufa ƙwarai. Na durƙusa na ce, "Baba, na cuce ka. Ka yafe mini."

Ya ce, "Tashi, ƙasa da sanyi." Na ƙi tashi. Sai ya ce, "A kotu ka ce na biyu ka zaro. To wanda yake sama fa? Mene ne?"

Ban yi tsammanin wannan ba, amma ban buƙaci tunani ba, kullum ina ganinsa. Na ce, "Huɗu ce, Baba. Baƙa."

Ya maimaita a hankali, "Huɗu baƙi." Ya rufe ido yana motsa baki, na san tebur ɗin yake sake jerawa. "To ni na ci ke nan."

"Kai ka ci, Baba."

"Da yanzu ina gida na."

Ya juya fuskarsa wajen bango ya ce, "Maganar yafiya, ka bari tukuna. Ban ce a'a ba. Na gaji ne." Na fito. Kaneng ba ta ɗago kai ba.

Ku matasa, musamman ku masu kai, waɗanda ake yabo a aji, da ku nake. Yanzu cacar ma a cikin waya take, kuna kwana da ita, kuma kullum akwai wani mai cewa ya gano lissafinta. Wataƙila bai yi ƙarya ba, ni ma na gano. Amma ba ku ga hannun da ke raba katin ba, lissafi kuma ba ya ganin hannu. Kada ku zauna a teburin ko da kallo ne, da kallo na fara. Kada ku ce ku ba kwa zubawa don haka ba ruwanku. In kuka gano ana cutar wani, wurin wanda ake cuta za ku fara zuwa, ranar nan, kafin ku samu lokacin yin shawara da kanku. In kuma mutum ya yarda da ku har ya daina jin 'yarsa, ku ji tsoron Allah a kansa.

Ni an yanke mini shekara uku, na ƙirga su, na gama, na fito. Baba Pam yana nan a ɗakin ajiyar, shi ba wanda ya gaya masa ranar da zai koma gida.